"Sorry" Ɗin Uwar Biyu

Ɗakin wanki da guga na otal ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake, babu taga ko ɗaya. Wanda ya shiga da safe ba ya sanin ko ruwa aka yi ko rana sai ya tashi aiki. A tsakiyar ɗakin akwai injin guga, tsawonsa ya kai na ƙaramar mota, da wata gangar ƙarfe mai zafi tana juyawa a cikinsa. Mata biyu ke tsayawa a gaba, kowace ta riƙe kusurwa ɗaya ta zanen gado su miƙa wa gangar. Wasu biyu kuma a baya su karɓe shi a goge su ninke. A gaban gangar an gitta wata sanda mai jan fenti. Aikinta ɗaya ne: in hannu ya taɓa ta, injin ya tsaya cak.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Uwar Biyu tana tsayawa a gefen dama. A gefen hagu an sha canja mata abokan aiki, har aka kawo mata Auta shekara biyu da suka wuce. Auta matar aure ce, har da 'ya'ya, amma da yake ita ce ƙarama a ɗakin sai sunan ya bi ta. Akwai ta da saurin dariya. Ko tawul ne ya faɗi ƙasa sai ta samo abin dariya a ciki.

Sandar nan mai jan fenti ta yi mako uku ba ta aiki, kuma kowa a ɗakin ya sani. Da farko tsayar da injin ta riƙa yi babu dalili, sau goma a wuni, aiki yana taruwa. Sai Makanike ya zo ya ɗaure ta da waya, ya ce a yi hankali kafin a kawo masa abin da zai canja.

Ranar Talata da hantsi, bayan wani babban taro ya watse daga otal ɗin, zannuwan gado suka cika keken tura kaya shida. Uwar Biyu tana ba Auta labarin tagwayenta: wanda ya iya lissafi ya shiga ajin ɗan'uwansa ya rubuta masa jarrabawa, amma ya manta ya sa sunan kansa a kan takardar. Auta tana dariya har da hawaye. Gefen zanen da ke wajenta ya naɗe, ta kai hannu za ta miƙar da shi.

Uwar Biyu ba ta ga lokacin da gangar ta kama yatsun ba. Ƙara kawai ta ji, irin wadda ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ta daki sandar da hannu biyu, injin ko gezau bai yi ba. Ta ruga bango ta ja babban makunni, fitilu suka mutu tare da injin. Makanike ya shigo a guje da sifana, aka haska masa fitilar waya. Sai da ya kusa minti biyar kafin gangar ta saki.

Uwar Biyu ta zauna daɓas a kan siminti, ta ɗora kan Auta a cinyarta, ta rufe mata ido da tafin hannu.

"Sorry, Auta. Sorry, ƙanwata. Kar ki kalli hannun, ni za ki kalla. Sorry. Sorry."

A ɗakin nan haka ake cewa. Ma'aikatan otal ɗin ba yare ɗaya suke ji ba, sai kalmar ta zama ta kowa. In ka yi tuntuɓe, sorry. In ka yi atishawa, sorry. In aka ce mahaifinka ya rasu, sorry. Uwar Biyu ba ta yi boko mai nisa ba, Turancinta bai wuce na ƙirga tawul da gaida manya ba, amma wannan kalma ta zauna mata a baki har ta kusa korar "sannu".

Aka mai da wuta. Manaja ya sauko. Baƙo ne daga wata ƙasa, watansa biyar a otal ɗin, ko "zo" bai sani ba da Hausa. A bayansa akwai Jami'in Ma'aikata, wanda ke ɗauka da kora, shi kuwa ɗan gari ne, da shi ake hira a ɗakin cin abinci. Manaja ya tsaya a kan Uwar Biyu, ya tambaye ta da Turanci me ya faru. Ta ɗago kai. Ɗan Turancin da take da shi duk ya gudu, saura kalma ɗaya.

"Sorry, sir," ta ce. "Sorry."

Ya dube ta na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya ciro ƙaramin littafi daga aljihu ya yi rubutu.

Washegari da ta iso bakin ƙofar ma'aikata, mai gadi bai buɗe mata ba. Ya miƙo mata ambulan ta saman ƙofar, yana kallon takalmansa.

Ƙanen mijinta malamin Turanci ne a sakandare, a gida Ticha ake ce masa. Bai yi aure ba, don haka kullum da rana a gidansu yake cin abinci. Ta same shi a falo da faranti a cinya, ta miƙa masa ambulan ɗin.

"Matar Yaya, takardar soyayya aka fara aiko miki? Kawo in karanta kafin Yaya ya dawo, in ga ko saurayin ya iya rubutu."

Ba ta yi dariya ba. Ya dubi fuskarta, ya goge hannu, ya buɗe. Sai da ya karanta sau biyu.

"An dakatar da ke har kwamiti ya zauna. An ce kin amsa laifinki a gaban Manaja. An ce kin nemi gafara sau da yawa."

"Ni? Yaushe?"

"Me kika ce masa da ya zo?"

"Ban ce komai ba. Sorry kawai na ce."

Ticha ya ajiye farantin a ƙasa. "To ai ita ce."

"Wace ita? Sannu fa nake nufi!"

"Ke kike nufin haka. Zauna in gaya miki." Ya gyara zama kamar yana gaban aji. "Mu muna da sannu, muna da yi haƙuri, muna da ka yafe mini. Kowace da wurinta. Masu Turancin duk sun zuba su a tukunya ɗaya, amma da sharaɗi. In za su yi wa mutum jaje, ba sa barin kalmar tsirara, sai sun ɗora mata wani abu, kamar su ce sorry da jin abin da ya same ka. In kuwa aka faɗe ta ita kaɗai, ga mai ciwo a kwance, ga shugaba yana tambayar me ya faru, to a kunnensa cewa kika yi ni na yi."

"Amma ai Jami'i yana wurin. Shi ya san abin da muke nufi. Shi kansa yana faɗa."

Ticha ya juyo mata takardar, ya sa yatsa a ƙasa. "Ga sa hannunsa nan."

Akwai takarda ta biyu a cikin ambulan ɗin. Ita kuma cewa ta yi, in Uwar Biyu ta sa hannu ta yarda sakacinta ne ya jawo hatsarin, ba sai kwamiti ya zauna ba, za a ba ta gargaɗi ta koma aiki ranar Litinin.

Mijinta direban bas ne. Da ya dawo da la'asar ya ji bayani, ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa.

"Takarda ce fa kawai," ya ce. "Ki sa musu hannun, ki koma aikinki. Allah ya san ba ke ba ce."

"In na sa, ya zama ni na cinye wa yarinyar nan hannu. A rubuce."

"Ni dai a hanya nake wuni, Uwar Biyu. Ban taɓa ganin an yi karo tsakanin babbar mota da ƙarama, ƙaramar ta tafi lafiya ba."

"Ban ce zan tafi lafiya ba."

Da zai fita masallaci ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ranar kwamitin ta zo, shi zai kai su.

Ranar Alhamis ta dafa shayi a filas, ta sayi lemo, ta tafi asibiti. A bakin ɗakin mata ta haɗu da yayar Auta, wata doguwa da ta taɓa gani sau ɗaya a hoto. Ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce. Fuskar matar ta canja.

"Ke ce? Jami'inku ya zo jiya. Ya ce wadda suke aiki tare ta amsa cewa ita ta fizgi zanen."

"Wallahi ban ce haka ba."

"To me kika ce?"

Uwar Biyu ta waiga. Ga mutane suna wucewa, ga nas tana tura keken magani. Ta yaya za ta tsaya a nan ta yi wa wannan mata darasin Ticha?

"Yatsu uku, baiwar Allah," in ji yayar Auta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Uku aka cire. Na hannun dama. Ki koma da lemonki."

A ƙafa ta dawo gida, duk da nisa. Abin da ya fi cin ta a hanya ba maganar matar ba ce, wata tambaya ce da ta taso mata daga ciki. A aikinsu, in abokiyarki ta yi sanyi ke ma sai ki sassauta, in ba haka ba zanen ya karkace. Auta tana dariya a lokacin. Shin ita ta sassauta? Ko kuwa daɗin labari ya ɗebe ta ta tura nata gefen, zanen ya naɗe a wajen Auta? Ta maimaita abin a ranta ya fi sau ɗari. Tana tuna fuskar Auta, tana tuna inda ta kai a labarin, amma abin da hannunta ya yi ba ta tuna ba. Hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana abu ɗaya ba ya neman izinin mai shi.

Kwana biyu bayan haka ta je bayan otal ɗin lokacin cin abincin rana, ta aika mai gadi ya kira mata Makanike. Ya fito yana waige-waige, ya ja ta kusa da ɗakin janareta inda ƙara za ta rufe maganarsu.

"Sau uku na rubuta ina neman abin gyaran sandar nan," ya ce. "Ba wanda ya kula. Ranar da abin ya faru, kafin a tashi aiki aka miƙo mini shi a leda. Aka ce in sa yanzu-yanzu, in kwance wayar in jefar."

"Wa ya miƙo maka?"

Ya kalli gefe.

"To ka faɗa wa kwamiti."

"Wa ya ɗaura wayar, Uwar Biyu? Hannun nan ne." Ya ɗaga mata tafinsa, baƙi ƙirin da man inji. "Wanda ya ce in ɗaura, da baki ya faɗa, bai rubuta ba. Ke gargaɗi aka ce za a ba ki. Ni in na buɗe baki kora ce, wataƙila har da 'yan sanda. 'Ya'yana shida, ga tsohuwa."

"Ita fa Auta?"

"Kwana huɗu ban iya cin nama ba," ya ce. Ya juya ya koma ciki.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba a hawa na uku. A shekara goma sha ɗaya, ranar ce Uwar Biyu ta fara taka kafet ɗin otal ɗin. Zanen da ke kan teburin ma ta gane shi, akwai ɗan ɗinki a kusurwarsa da ita ta yi. Mutum uku ne a zaune: Manaja, da Jami'i, da wata dattijuwa mai gilashi da aka turo daga babban ofishin kamfanin, wadda ita ma ba ta jin Hausa.

Jami'i ya yi mata murmushi. "Uwar Biyu, kwantar da hankalinki. Ni zan riƙa fassara miki."

"Na gode, Yallaɓai. Na zo da nawa."

Ticha ya sha farar riga mai guga, ya rungumo ƙamus kamar jariri. Da aka ba shi dama ya buɗe shafin da ya sa wa alama, ya fara bayani. Ya faɗi ma'ana ta farko da ta biyu, ya shiga tarihin kalmar, ya kawo misali daga jarrabawar ɗalibansa. Uwar Biyu ba ta jin abin da yake cewa, amma ta ga dattijuwar ta dubi agogo sau biyu. Jami'i ya katse shi cikin ladabi, ya ce duk wanda ke teburin nan da Turanci yake aiki kullum, ba a taru don koyon karatu ba. Matar nan an tambaye ta me ya faru, ta ba da haƙuri. Mai ba da haƙuri ya san abin da ya yi.

A daidai nan wata ma'aikaciya ta shigo da tiren shayi, ta ajiye wa kowa kofi ta koma gefe. Dattijuwar ta kai hannu idonta yana kan takarda, ta ture kofin, shayi mai zafi ya kwarara mata a wuyan hannu.

"Sorry, madam!"

Baki uku ne suka faɗa tare: mai shayin, da Uwar Biyu, da Jami'i, wanda har ya miƙe yana miƙa mata hankici.

Ticha ya rufe ƙamus a hankali. Ya dubi Jami'i ya tambaye shi da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don matar yayansa ta ji: "Yallaɓai, kai ka zuba mata?"

Jami'i ya ce wannan daban, wancan daban, amma muryarsa ba ta fita sosai ba. Dattijuwar tana goge hannu tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Sai Manaja ya yi magana, a hankali, kamar da kansa yake yi. Ticha ya raɗa wa Uwar Biyu fassarar. Wai a makonsa na farko ya buga kai da bututun ruwa a ɗakin wanki, duk matan suka ce masa sorry. Shi kuma ya yi ta mamaki, ya ce ai ba su suka kafa bututun ba. Ya jawo rahoton gabansa, ya cire murfin biro, ya ja layi a kan jimla ɗaya.

Uwar Biyu ta sauke ajiyar zuciya. Ta zaci an gama.

Dattijuwar ta cire gilashi. Ta ce a bar maganar kalma, tambaya ɗaya take da ita. Lokacin da abin ya faru, Uwar Biyu ta ja zanen ko ba ta ja ba?

"Ki ce a'a kawai," Ticha ya raɗa mata.

Ta dubi zanen teburin. "Ban sani ba. Labari nake ba ta, tana dariya. Ban tuna abin da hannuna ya yi ba."

"Matar Yaya..."

"Ka faɗa musu yadda na faɗa. Sannan ka ce musu ko na ja ko ban ja ba, sandar nan ya kamata ta tsai da injin. Mako uku tana ɗaure da waya. Da hannuna biyu na dake ta, ba ta yi komai ba."

Ticha ya fassara. Jami'i ya daina rubutu. Aka aika a kira Makanike. Ya shigo da hula a hannu, ya ƙi zama. Dattijuwar ta yi tambaya, Jami'i ya riga kowa fassarawa.

"Sandar injin guga tana aiki?"

"Tana aiki, Yallaɓai."

"Ba haka ta ce ba," in ji Ticha. "Cewa ta yi, a ranar tana aiki?"

Makanike ya murza hular. Bai dubi inda Uwar Biyu take ba. "Ni dai ina sito lokacin. Ban ga yadda aka yi ba. Inji ne, an sha gyara shi."

Aka sauka ƙasa gaba ɗaya. Aka kunna injin, Manaja ya taɓa sandar da yatsa ɗaya, ya tsaya cak. Matan da ke ninki suka sunkuyar da kai suna ta ninki.

Takardar hukunci ta zo bayan kwana biyu. Ticha ya karanta mata. An janye maganar cewa ta amsa laifi. An ba ta gargaɗi saboda surutu a bakin aiki, an ɗauke ta daga injin an mai da ita ninke tawul. Hatsarin kuwa, an rubuta cewa rashin lura ne na ma'aikatan biyu. Ba a ambaci sanda ba ko sau ɗaya.

"Da kin ce a'a, da ko gargaɗin ba za a ba ki ba," in ji Ticha.

"Na sani."

Ta koma aiki. Teburin tawul yana can ƙurya, baya ga injin, amma ƙararsa tana kunnenta wuni guda. An kawo wata sabuwa gefen hagu. Ba mai ba da labari yanzu a ɗakin.

Bayan mako uku wayarta ta yi ƙara tana cikin bas. Auta ce.

"Yaya, ashe haka za ki yi mini? Kowa ya zo ban da ke."

Ranar Asabar ta je. Auta tana zaune a falo, hannun a naɗe da bandeji an rataye shi a wuya. Ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. 'Yarta ƙarama tana tsaye a gabanta riƙe da mataji, kai a tsefe rabi.

"Tun safe muke fama," in ji Auta. "Da hagu nake gwadawa, sai kuka take yi. Maɓallin riga ma sai an sa mini."

Uwar Biyu ta karɓi matajin, ta zaunar da yarinyar tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsaga. A haka, ba tare da ta dubi Auta ba, ta ba ta labarin komai: zuwanta asibiti, da takardar, da kwamitin, da tambayar da ta kasa amsawa.

Da ta gama, Auta ta girgiza kai.

"Ni ba wanda ya tambaye ni komai," ta ce. "Jami'i ya zo sau biyu, da yayata da maigida yake magana a waje. Ban san ko kin ja ba, ni ma ban tuna ba. Amma da gangar ta kama ni, gwiwar hannuna a kan sandar take. Na danna ta da duk ƙarfina. Ina dannawa tana ci gaba da ja na. Wannan kam ko a barci ban manta ba."

Hawaye suka ɗiga a kan gashin yarinyar. Uwar Biyu ta goge da yatsa ta ci gaba da kitso. Yayar Auta, wadda ke tsaye a bakin kicin tun ɗazu, ta kawo ruwa ta ajiye a gefenta. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Abin da aka gaya mana ke nan."

Washegari Ticha ya zo da takarda da biro. Ya rubuta abin da Auta ta faɗa, wannan karon a gajarce, don matar yayansa ta tsaya a kansa. Auta ta dangwala babban yatsanta na hagu. Cikin matan biyu da ke bayan injin a ranar, ɗaya ta sa hannu, ɗayar ta ce mijinta ya hana. Kafin a aika, Uwar Biyu ta sami Makanike a sito ta gaya masa abin da za su yi. Yana jera ƙusoshi a gwangwani, bai ɗago ba.

"Na ji," ya ce.

Ticha ya aika takardar babban ofis. Aka yi wata guda shiru, har Uwar Biyu ta fid da rai. Sai ran nan wasu maza biyu suka zo da jakunkuna, suka rufe ɗakin guga na kwana biyu, suka kwashe littattafan sito. Abin da ya biyo baya a ɗakin cin abinci ta ji shi. An sake rubuta rahoton, an sa laifin a kan injin. Kamfani zai ɗauki nauyin maganin Auta, kuma in ta warke za a ba ta aikin raba kaya a sito. Jami'i an mai da shi wani reshe, wasu ma suka ce da ƙarin girma. Gargaɗin Uwar Biyu yana nan, ba a cire ba. Makanike an sallame shi.

Ranar Juma'a da rana Uwar Biyu tana saukowa da tulin tawul, suka haɗu da Makanike a matattakala. Yana hawowa da akwatin kayan aikinsa a kafaɗa, ya tuɓe rigar otal ɗin ya sa tasa ta gida. Matattakalar ba ta da faɗi, dole ɗaya ya tsaya. Ta raɓe jikin bango. Ya zo daidai ita, ya sauke akwatin a kan gwiwarsa yana haki.

"Ina za ka nufa yanzu?" ta ce.

"Akwai wani abokina mai gareji. Zan gani." Ya gyara riƙon akwatin. "Saurara. Sabon da za su kawo bai san injin nan ba. Akwai ƙusa ta biyu a ƙarƙashin gangar, ta gefen hagu, tana kwancewa da kanta. In kun ji yana wani gurnani daban, kar ku jira kowa, ku kashe daga bango. Ki gaya wa yarinyar da aka sa a wurin."

"Zan gaya mata."

"Yau ɗin nan."

"Yanzu."

Ya ɗora akwatin a kafaɗa ya ci gaba da hawa. Ta tsaya har ta ji ƙofar sama ta rufe. Sannan ta sauka, ta ajiye tawul ɗin a kan tebur, ta je gaban injin ta taɓa kafaɗar sabuwar yarinyar.

"Saki zanen nan tukuna," ta ce. "Durƙusa in nuna miki wani abu."